Minti Ashirin a Duhu

Sha ɗayan dare a Kiryu.
Jirgin ƙasa na ƙarshe ya haye gadar Watarase.
Sachie Murotani ta manne tagogi da baƙar takarda,
ta ce, "Kashe fitila, Noboru, ka kife waya.
Ido ba ya ganin ƙanƙanen abu sai ya ji yunwa."

Muka zauna.
Kwalba ce a gabanmu, rabin lita na ruwa,
bisa faifan da ke kaɗawa sau dubu ɗari huɗu
kafin agogo ya ce tik.
Kunnena bai kama komai ba; jemage ma bai kai can ba.
Sai wani siririn cuwwa
kamar ana suya a gida na uku.

Ta ce sautin yana jan ruwan, ya saki, ya ja, ya saki,
har ruwan ya yage.
A bakin yagar kumfa ke haihuwar kanta,
ba ta kai kaurin gashin gira ba.
Ta sha iska, ta sha tururi, ta kumbura,
ta yi taƙama irin ta sabon mai kuɗi,
sai sautin ya juyo ya matse ta.
Ta rufta.

A cikin ruftawar nan, in ji ta,
zafi kan kusa na fuskar rana.
Na yi dariya a duhu. Na lalubi kwalbar:
ɗumi-ɗumi, kamar shayin da aka manta.
Ta ce, "Wutar ba ta daɗewa har ta sami labarin yatsanka."

Amma ta isa ta raba ƙwayar ruwa gida biyu.
Haidirojin ɗaya ya fice,
ya bar ɗan'uwansa rungume da oksijin,
maraya, mayunwaci,
duk abin da ya taras a bakin ƙofa sai ya ciza.
In bai sami kowa ba, ya kama irinsa su huce tare.
In ya sami rini, ya tsinke masa zare.

Rini ne ya kawo mu nan.
Shekara talatin da ɗaya mahaifinta na turin siliki.
Tana yarinya, takan san launin da aka yi ranar
daga lambatun bayan masaƙa:
Litinin ja, Alhamis shuɗi.
Ranar da aka yi masa wankan ƙarshe
an gwada sabulu uku.
Da faratansa jajaye aka kai shi.

Ban san me zan ce ba, na yi shiru.
Minti sha bakwai. Sha takwas.
Gwiwata ta fara tsami.

Sai ga shi.
Ba walƙiya ba, ba ma tartsatsi ba:
wani shuɗi-shuɗi mai kunya,
layi bisa layi, kamar haƙarƙarin kifi,
yana tsaye tsakiyar ruwan.
In na zura masa ido ya ɓace,
in na kalli gefe ya dawo.
Dubban mutuwa ne a kowane numfashina,
kowace da 'yar fitilarta.

Ta ɗiga barasa ɗigo ɗaya. Hasken ya dushe.
"Ka gani? Abu kaɗan ke ɓata musu rai."
Muka canja ruwa, ta zuba jan rinin.

Da asuba kwalbar ta koma launin ruwan wankin shinkafa.
Na rubuta: awa biyar, saura kashi tara cikin ɗari.
Ta leƙa mitar lantarki, ta ja tsaki,
ta ce kogi ba kwalba ba ne,
da wannan tsadar ko lambatu ɗaya ba za mu wanke ba.

Duk da haka ta ɗaga kwalbar saitin taga
inda takarda ta ɗan ɓanɓare,
ta daɗe tana juya ta.
Na ga ɗigon ja a babban yatsanta.
Ba ta goge ba.